Bazarar da Muka Koma 'Yan Koyo

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya yarda ya daɗe bisa katanga. Shekaranjiya bayan azahar ina kishingiɗe bakin shagona nan Ƙofar Marusa, na jiƙa tsumma na ɗora a ka, sai iska ta kwaso mani ƙamshin gyaɗar da ake soyawa a gidan wata mai ƙuli-ƙuli. Ban san sadda na tashi zaune ba. Masu lissafin wata sun ce azumi kan zagaye shekara ya komo inda ya baro bayan shekara talatin da ɗoriya. To ga shi ya komo, ya iske ni da furfura da ciwon gwiwa, ya kuma taso mani da wancan azumin da muka yi cikin irin wannan rana, shekarar da aka sallame mu daga kamfanin matse mai.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Garin bai kai haka faɗi ba. In ka fita ganuwa ka ɗan taɓa tafiya, sai gonaki. Kamfanin na can bayan gari, kuma jiniyarshi ce agogon rabin Katsina. In ta yi kuka da safe, mata sun san lokacin sauke koko ya yi. In ta yi da yamma, a ɗora tuwo. Ni aikina zuba gyaɗa da angurya a bakin inji. Tun ina saurayi nake yin shi, ban kuma iya komai ba bayan shi. Ƙamshin mai ya kama jikina har matata Hadiza kan ce ko da sabulun duniya aka wanke rigata, awakin unguwa ba za su daina bi na ba.

Sai abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Damina ta yi gardama, ta baya ma ta yi, gyaɗa ta yi wuya. Gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka gagari kamfani. Aka kashe wannan inji, aka kashe wancan. Ana saura 'yan kwanaki a ga wata, Manaja, Alhaji Mamman, ya tara mu a filin kamfani ya ce rabinmu za su tafi gida. Ya shiga kiran sunaye. Na ji nawa kamar wani can aka kira. Abin da ya faɗo mani a rai kawai shi ne Hadiza, wadda na baro tana jan ƙafa da tsohon ciki, cikinta na fari bayan shekarun da muka yi muna roƙon Allah.

An kira Baba Iro, dattijon da ke ɗinke bakin buhunan ƙuli tun wasunmu na goye. An kira Sale, direban babbar mota, mutum mai zuciya a kusa. Ba a kira Bulus ba.

Bulus shi ne shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikata, kowa Ciyaman yake ce mashi. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Kafanchan, aiki ya kawo shi Katsina, ya kama haya a Ƙofar 'Yandaka shi da matarshi Maman Ladi, mai sayar da doya a Babbar Kasuwa. Makanikin injuna ne, ƙato, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Shekarar nan azuminsu na Kirista ya haɗu da namu, har muna tsokanar shi cewa ya ga abu mai kyau ya kwaikwaya.

Ranar da aka ɗauki azumi muka shiga yajin aiki, waɗanda aka kira da waɗanda ba a kira ba. Muka rufe ƙofar kamfani muka zauna ƙarƙashin itatuwan bedi. Zafin shekarar nan ba a magana. Tun hantsi kwalta ke narkewa tana kama takalmi, iska in ta taso kamar daga bakin maƙera. Miyau ya ƙafe, ido ya yi ja, ga yunwa, ga tsoron gobe. Mai azumin da aka taɓa abincin iyalinshi ba ya buƙatar mai zuga shi.

Ran nan da azahar sai ga Sale da jarkar fetur a kafaɗa. Ya dire ta tsakiyarmu.

"Tunda mu ba za mu ci ba, to kowa ya rasa," in ji shi. "Yau sai sito ya zama toka."

Matasa suka miƙe. Bulus bai ɗaga murya ba. Ya tako a hankali, ya gyara wando, ya zauna daram bisa jarkar.

"Ciyaman, tashi!"

"Na gaji ne, Sale. Kujerar ta yi mani daidai."

"Wallahi ka tashi, ko mu ɗauke ka!"

"To ku ɗauka. Amma ku sani, in sito ya ci wuta ba Manaja za ku gani ba, 'yan sanda za ku gani. Wanda aka sallama gida zai koma. Wanda aka ɗaure fa, wa zai kai ma iyalinshi ko da ruwan sha?"

Haka ya zauna bisa fetur cikin ranar nan, gumi na tsiyaya daga haɓarshi, har aka kira la'asar mutane suka watse neman ruwan alwala. Sannan ya ɗauki jarkar ya kai ɗakin maigadi ya kulle.

Washegari gwamnati ta turo mai shiga tsakani. Mun zaci za mu ga manyan motoci. Sai ga tasi ta sauke wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau, da laima a hannu. Hajiya Saude ke nan, daga ofishin ƙwadago. Manaja ya aiko a shigo da ita ofishinshi inda fanka ke juyawa. Ta ce a'a. Ta sa aka ɗauko mata benci aka ajiye daidai bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje.

"Ku ce ma Alhaji ina gaishe shi," ta ce, "amma nan zan zauna. Mai son magana da ni ya fito rana ta gasa mu tare. Shawarar da aka yanke cikin sanyi ba ta cika tuna na waje ba."

Dole Manaja ya fito. Kwanaki aka yi ana abu ɗaya. Ta zo da hantsi, ta gaisa da kowa har da tambayar iyali da ya aka ji da ƙishirwa, ta saurari wannan, ta saurari wancan, leɓenta ya bushe ya tsage kamar namu, don ita ma azumin take. In muryoyi suka fara tashi sai ta buɗe laima ta yi shiru har a gaji. Da muka dage cewa ƙarya ake, akwai gyaɗa a ɓoye, sai ta ce Manaja ya buɗe sito kowa ya shiga ya gani da idonshi. Muka shiga. Wurin da buhuna kan kai rufi, babu komai sai tattabaru da ɓawon gyaɗa a ƙasa. In ka yi tari, ginin ya maido maka da shi. Muka fito jiki a sanyaye.

Shi ma Manaja ba ta ƙyale shi ba. Ta sa Baba Iro ya buɗe tafin hannunshi a gabanshi, duk sawun basilla, ta ce, "Alhaji, wannan hannun kake cewa ya je ya nemi wani abin yi. Faɗa mani wanne, in ji." Manaja ya sunkuyar da kai.

A ƙarshe aka tsaya a kan cewa sallama ba makawa, amma ba za mu fita hannu rabbana ba. Kamfani zai biya kowa haƙƙinshi, ya ba da tsohuwar rumfar gyaran motocinshi a mai da ita makaranta, ya kuma riƙa dama kunun buɗa-baki. Gwamnati za ta turo malamai su koya mana sana'a: walda, kafinta, ɗinki, gyaran famfon tuƙa-tuƙa da injin ban-ruwa. Wanda ya kammala a ba shi kayan aiki. Kafin nan a riƙa tallafa mana da ɗan hatsi.

Bulus ya hau benci ya faɗa mana, ya ce shi a ganinshi a karɓa. Sai muryar Sale daga baya:

"Dole ka ce a karɓa mana! Kai naka aikin na nan. An saye ka, Ciyaman. Ka sayar da mu da kunun tsamiya!"

Na ga maganar ta soke shi. Ya sauko, ya nufi inda Hajiya da Manaja suke, muna bin shi da ido.

"Ranka shi daɗe," ya ce ma Manaja, "idon Baba Iro ya fara ja baya. Ba zai iya walda ba, ba zai ga kafar allurar keke ba. In ka sallame shi ka kashe shi. Ka bar shi bakin aikinshi, ni in fita a madadinshi."

"Bulus, kana cikin hankalinka? Wa zai riƙe mani injuna?"

"Waɗanda suka rage, mataimakana sun ishe su."

Hajiya ta zare tabarau ta dube shi. "Malam Bulus, ka yi shawara da mai ɗakinka?"

"A'a, Hajiya. Shi ya sa nake so a gama maganar nan kafin in isa gida."

Aka yi dariya, ta farko tun da aka ga wata. Baba Iro kuwa kuka yake, ya rufe fuska da hula. Sale ya juya ya yi tafiyarshi, yana cewa duk wasan kwaikwayo ne.

A gidan Bulus ba wasa ba ne. Da safe Maman Ladi ta faɗo gidanmu ko sallama ba ta gama ba, ta zube gaban Hadiza. "Ki ji mani mutumin nan! Yara na makaranta, mu baƙi a garin mutane, ya ɗauki aikinshi ya yi kyauta da shi kamar goro!" Hadiza ta kama hannunta kawai suka yi ta hawaye, mai ciki da mai fushi. An daɗe a gidansu sai dai Maman Ladi ta dire ma Bulus kwanon abinci ta juya.

Haka muka koma 'yan koyo, magidanta da gemu. Ni na zaɓi gyaran famfo, don na ga yadda ruwa ke wahalar da garin. Sale ma nan ya faɗo, Bulus kuma ya biyo mu. Malaminmu wani matashi ne, Malam Kabiru, wanda a haife ƙanen bayanmu ne. Ranar farko ya ɗaga wani ƙarfe ya ce, "Mi ake ce ma wannan?" Muka yi zuru-zuru kamar 'yan aji ɗaya. A unguwa kuwa an samu abin zolaya. In na dawo da yamma sai in ji daga majalisa, "Lawal, an tashi makaranta? Malam dai bai yi bulala ba ko?"

Rumfar ta kwano ce. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta zama tanda. Sifana in ta ɗan sha rana ba ta taɓuwa sai da tsumma. Don haka muka roƙi a riƙa farawa da an sallame asuba. Mu kwance famfo, mu ɗaure, mu sake kwancewa, har rana ta take. Sannan kowa ya nemi gindin bedi ya miƙe kamar gawa, ƙudaje na bin bakinmu ba mai ƙarfin kora. Daga can ɓangaren masu walda kana jin tsartsatsin wuta, daga na masu ɗinki kana jin ƙattin da suka saba da dakon ganga suna faɗa da keke, zare na tsinkewa suna salati. Da la'asar sakaliya mu koma. In rana ta faɗi sai ga bokitin kunu daga kamfani, wani lokaci Manaja da kanshi ke biyo shi, ya tsaya daga gefe yana "Sannunku, sannunku," kamar mai jin nauyin shiga gidan surukai. Ran nan Bulus ya miƙa mashi ludayi. Ya tattare babbar riga ya tsuguna ya sha tare da mu.

A gida komai a tsuke yake. Hatsin da ake ba mu dawa ce, Hajiya Saude na tsaye ake aunawa, kuma sai an yi dabara take kai wani rabon. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, wata rana ba ko daddawa. Sukari ya zama sai labari. Kunu tsamiya ce zalla, ka sha haƙora su mutu. Famfon gwamnati ya daɗe da yin shiru, 'yan garuwa sun zama sarakai, sai ka bi mutum kana "Don Allah, Malam" kafin ya waigo. Randarmu Hadiza ta naɗe ta da tsohon buhu tana yayyafa mashi ruwa don ta yi sanyi. In wani a layinmu ya dace da ƙanƙara, da taɓarya ake fasa ta a bi gida-gida da ɗan guntu kamar ƙwan zabo. Ƙurajen zafi sun feso ma kowa a wuya. Ƙafafun Hadiza sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Hannuna kuma ya ƙi. Wanda ya saba da ɗaga buhu, an ba shi ɗan noti kamar ƙwayar wake. In ɗaura a karkace, in cinye mashi haƙora, in yar da shi cikin ƙasa mu taru muna nema. Ranar da na ɓata wani abu har Malam Kabiru ya yi ajiyar zuciya ya kau da kai, na dawo gida na ce ma Hadiza bayan salla Legas zan tafi, ko dako ne in yi.

Ta daɗe tana fifita da mafici kafin ta ce, "Malam, ni ban hana ka ba. Amma wanda ke cikin nan bai san Legas ba, ubanshi zai nema. Zuba gyaɗar ma ai ba da ita aka haife ka ba."

Na kwana da maganar. Da asuba na koma rumfa.

Sale ya fi ni saurin hannu, amma har lokacin ko gaisuwa ba ta haɗa shi da Bulus. Malam Kabiru kuwa, ko da gangan ko da rashin sani, kullum su biyu yake haɗawa a ɗaga bututu. Shi kuwa aikin nan ba ya son gaba. Bututun famfo a jone yake, ɗaya bisa ɗaya, har can ƙasan rijiya. Mutum biyu ke ɗagowa, na uku ya datse shi da bayis, ƙarfen da ke riƙe shi a bakin rami, sannan a kwance na sama. In ɗaya ya saki kafin a datse, gaba ɗaya zai zurma, rijiyar ta mutu ke nan.

Cikin goman ƙarshe mai unguwar Ƙofar Marusa ya je har wurin Hajiya Saude. Famfon unguwar ya mutu tun kafin azumi, mata da tsofaffi na takawa wata unguwa da bokiti cikin rana. Ya ji an ce gwamnati na koya ma wasu gyara. Hajiya ta dubi Malam Kabiru. Ya ce, "Hajiya, ba su yi ƙwari ba. Ba su taɓa rijiyar gaske ba." Ta ce, "To yaushe za su taɓa? Ga jarrabawarsu nan."

Da sassafe muka tura kayan aiki a kura. Unguwata ce, kowa ya san ni, masu zolayar nan duk sun fito sun jeru a inuwa. Muka cire hannun famfo, muka cire kai, muka fara jawo bututu. Bulus da Sale na ɗagawa, ni ke kan bayis. Ɗaya ya fito, mu kwance, mu jingine, mu koma. Kafin rana ta take mun yi nisa, amma ƙarfi ya fara ƙarewa. Na lura leɓen Sale ya yi fari, idonshi na lumshewa. Kafin in ce a huta, na ji ya ce "Wayyo," gwiwarshi ta sage, hannunshi ya saki.

Bututun ya yi ƙasa yana ƙara. Bulus ya jefar da abin ɗagawa ya rungume shi da hannu tsirara. Na ga ƙarfen na zamewa cikin tafinshi, na ga jini, na ji yana kiran sunana da wata murya da ban san shi da ita ba: "Lawal! Datse!" Hannun nan nawa da ya yi ta ba ni kunya, ranar bai yi rawa ba. Na datse. Bututun ya tsaya, saura kamar taƙi ya ɓace cikin rami.

Bulus ya zauna a ƙasa yana kallon tafin hannunshi, fata ta saɓule. Sale ya rarrafo, ya tuɓe rigarshi ya yage ta, ya shiga naɗe mashi hannu.

"Ciyaman," ya ce, "maganar da na faɗa ranar nan..."

"Bar ta, Sale. Magana na ƙara ƙishi."

"A'a, sai na faɗa. Na zalunce ka. Ka yafe mani."

"Na yafe tun ranar. Ɗaure da kyau dai, kar Maman Ladi ta gani ta ƙara mani wani."

Masu kallon nan da suka zo dariya, sai ga su sun naɗe hannun riga sun kama. Da muka fito da bututun ƙarshe, ashe abin da ya hana unguwa guda ruwa wata 'yar fata ce da ta cinye, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Malam Kabiru ya miƙo mani sabuwa ya ce ni zan sa. Na sa. Muka mai da bututu ɗaya bayan ɗaya, Bulus na zaune a inuwa yana ba da umarni da haɓa.

La'asar ta wuce sadda Sale ya kama hannun famfo. Ya tuƙa, ya tuƙa, ba komai sai ƙugi kamar tsoho na gyaran murya. Ya ci gaba. Sai ga wani jan ruwa ya yi tsartuwa, ya koma ruwan ƙasa, ya koma fari tas yana sheƙi. Mata suka ɗau guɗa daga cikin zauruka. Mu kuwa muka tsaya muna kallon shi yana zuba, maƙogwaro na motsi, ba mai ikon kai ko ɗigo baki.

Mai unguwa ya ce, "To ai sai a ɗanɗana mana mu ji ko na sha ne. Malam Bulus, kai ne ba ka da shamaki."

Bulus ya yi murmushi. "Ranka shi daɗe, ni ma nawa azumin sai rana ta faɗi. Ko da ma babu, da wane ido zan sha a gaban waɗannan?"

Sai muka yi ta tara kai ƙarƙashin famfo, ruwa na bin wuya da baya, manya da mu muna ihu kamar masu wanka a kududdufi. Sannan muka zauna a jiƙe muna kallon yamma, mata na ta cika bokitai. Da ladan ya ɗaga murya, Sale ya cika kwanon sha. Bai kai bakinshi ba. Ya riƙa ma Bulus ya sha, tunda hannayenshi a naɗe suke, sannan kwanon ya zagayo. Akwai ɗanɗanon ƙarfe da na giris a ciki. Na sha ruwa iri-iri bayan nan, na firji da na roba, ban sake jin wanda ya sauka a ƙirjina kamar shi ba.

Ana jibi salla Hadiza ta sauka, 'ya mace. Maman Ladi ce ta bar doyarta a hannun maƙwabciya ta zo ta riƙa dafa ruwan wankan jego. Ranar suna na jiyo ta a tsakar gida tana ba mata labarin hannun mijinta, tana faɗa tana ƙarawa, har bututun ya kai tsawon hasumiyar Gobarau. Nan na san fushi ya wuce.

Bayan salla muka ci gaba da koyo har ranar da aka tara mu a rumfar nan za a raba mana kayan aiki. Tun safe gari ya yi lumshi, zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Hajiya Saude ta miƙe za ta yi jawabi, ta gyara tabarau, ta yi bismilla, sai iska ta taso daga gabas, ƙamshin ƙasa ya bugo, ruwan farko ya sauka bisa kwanon nan kamar ana zuba tsakuwa. Bakinta na motsi, ba mai jin ko kalma. Ta ɗaga murya, ta ƙara ɗagawa, sai ta fashe da dariya ta yi mana nuni da hannu mu je. Muka fita cikin ruwan da akwatunanmu a ka, har da Manaja da babbar rigarshi. Har yau ban san abin da ta so faɗa mana ba.

Mu uku muka kafa rumfa ɗaya, ni da Bulus da Sale. Ba duka 'yan koyon suka dace ba; akwai waɗanda suka sayar da kayan tun kafin kaka suka shiga duniya. Mu dai Allah ya sa albarka. Da rani mu bi fadamu muna gyaran injin ban-ruwa, da bazara mu bi ƙauyuka da aikin famfo. Kamfani ya ƙara 'yan shekaru yana ɗingishi, Baba Iro ya samu ya ajiye aiki da mutuncinshi, sannan wata safiya aka kulle ƙofa ba a sake buɗewa ba. Wasu cikin waɗanda muka baro ciki, waɗanda muka yi ma kallon masu sa'a, a rumfarmu suka zo suka koyi riƙon sifana. Ranar jana'izar Hajiya Saude na waiga a sahu na ga kafaɗar Manaja na gogar ta Sale. Bulus na tsaye can gefe da hula a hannu har aka gama.

Yanzu ma ana koyar da sana'a. Mijin Habiba, 'yar nan da aka haifa mani a wancan azumin, da kamfaninsu ya sallame su, a waya ya nemi gurbin koyo, aka kira shi wani babban ɗaki mai sanyi ya koyi haɗa wutar sola, kuma ga shi yana ci da ita. Na tambaye shi wa ya shiga tsakaninsu da masu kamfanin da suka sallame su. Ya ce su dai saƙo kawai suka gani. Famfon tuƙa-tuƙa ma ya ja baya, yanzu tanki ne bisa ƙarafa da faranti mai shan rana, ni kuma na sake zama ɗan koyo a hannun surukina.

Sale ya riga mu gidan gaskiya. Bulus kuwa da ƙarfi ya gaza, 'ya'yanshi suka matsa ya koma ƙauyensu. Can wai Bakatsine suke ce mashi, don harshenshi ya riga ya karye, ba ya iya cewa "me" sai "mi". Jiya bayan na sha ruwa na kira shi. Muka gaisa, ya tambayi Hadiza, na tambayi Maman Ladi, ya bi mutanen layinmu ɗaya bayan ɗaya, da masu rai da waɗanda na sha gaya mashi sun rasu. Ya ce su can ruwa ya sauka tuni, duwatsu sun yi kore shar, har an fara shuka.

Sai ya ce, "To, a gida fa? Hadari ya fara haɗowa?"

Na buɗe baki zan tambaye shi wane gidan, sai na gane Katsina yake nufi. Na ɗaga kai na dubi gabas. Sama fes, ko ɗigon girgije babu.

"Tukuna, Ciyaman," na ce. "Amma gari ya fara nauyi. Ya kusa."

Sai ya ce:

"Ran da ya sauka ka kira ni, Lawal. Ba sai ka yi magana ba. Ka ɗaga wayar kusa da kwanon rufi kawai, in ji."